Gulbin Rima da Kogin Kwara: Tarihin Rabon Ruwa Tsakanin Najeriya da Nijar

Gulbin Rima, wanda mutanen Argungu da Birnin Kebbi kan kira Gulbin Kabi, yana tara ruwansa ne daga ƙasashe biyu. Reshensa na arewa yana tasowa daga ƙasar Katsina, inda ake kiransa Gada, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa kwarin Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da sunan Gulbin Maraɗi, sannan ya karkato ya komo Najeriya ta ƙasar Gobir, inda yake haɗuwa da ruwan Bunsuru da na Gagare. Daga nan Rima ke gangarowa ta Gwaranyo da Wurno, ya karɓi Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya shimfiɗa faffaɗar fadamar da ta bi ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi, ya ƙara da ruwan Zamfara da na Ka, kafin ya zuba a Kogin Kwara. Shi kuwa Kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Neja, tsawonsa ya kusa kilomita 4,200, yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, kuma Jihar Kebbi ce ƙofar da yake shigowa Najeriya ta cikinta.

Masana ruwa suna amfani da kalmar kwarin kogi a ma'ana mai faɗi, wato duk ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta ke gangarawa zuwa kogi ɗaya, ko ta ƙorama, ko ta gulbi, ko ta ƙarƙashin ƙasa. A wannan ma'ana Maraɗi da Jibiya da Argungu da Yamai da Yawuri duk kwari ɗaya suke, kuma wanda yake sama da wani a wannan wuri yana ƙasa da shi a wancan: Najeriya ce a sama da Nijar a Jibiya, Nijar ce a sama da Najeriya a Maraɗi da kuma a Gaya. Wannan yanayi ne ya sa tarihin rabon ruwa tsakanin ƙasashen biyu ya bambanta da na koguna irin su Nilu, inda wanda ke sama da wanda ke ƙasa kowa ya san matsayinsa. Abin da tarihin ya nuna shi ne haɗin kan ya yi ƙarfi a duk inda kowace ƙasa take da abin da za ta karɓa a hannu, ya kuma yi rauni a duk inda ake buƙatar ƙasa ta rage wa kanta wani abu domin manomi ko masuncin da ke gangare.

Kafin zuwan Turawa, gulbi shi ne ƙashin bayan daular Kabi. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa babban birninsa a Surame, ya gina ƙarfinsa a kan fadamar Rima, wadda ke ba da shinkafa da kifi da makiyaya a lokacin rani, ta kuma zama ganuwa a lokacin damina, sa'ad da dokin maƙiyi ba ya iya ƙetare ta. Bayan masu jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo sun ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa sun sake kafa sarautarsu a Argungu, kuma da Yakubu Nabame ya tayar da yaƙi a 1849, abokan ƙawancensa su ne Zabarmawan Dosso da Arawa da Dandawa, mutanen da ke zaune a bakin Kwara da kwaruruwan Dallol Mawuri da Foga. Ƙawancen ya bi hanyar ruwa da hanyar fatauci, domin gishirin Foga da busasshen kifi da shinkafa da shanu suna kai da komo tsakanin waɗannan ƙasashe tun kafin a yi tunanin shata iyaka a tsakaninsu.

Haka kuma akwai tsarin kula da ruwan kansa. A Argungu, Sarkin Ruwa da Homa, wanda shi ne shugaban masunta, su ne ke da ta cewa a kan lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar shi ya huta, kuma al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, ko da yake sun cakuɗe da tsafe-tsafen da malamai suka daɗe suna suka, suna ɗauke da doka mai ma'ana, wato hana su a wasu gurabe har kifi ya hayayyafa ya girma, sannan a buɗe wa kowa a rana ɗaya. Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada, wanda ya ɗauki siffarsa ta yau daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, daga wannan tushe ya fito. Muhimmancin tsarin a nan shi ne mai zartar da doka yana zaune a bakin ruwan, ya san masu saɓa ta, su ma sun san shi, kuma wannan siffa ce da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da suka biyo baya ba su taɓa samu ba.

Turawa sun kalli Kwara a matsayin hanya kawai. Dokar da taron Berlin ya fitar a 1885 ta yi magana ne a kan 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa, ba ta ambaci noma ko su ko shayar da dabbobi ba, kuma ko wannan 'yanci ma kamfanin Royal Niger ya yi ta tauye shi ga Faransawa da Jamusawa. Sai dai ruwa ne ya tsara iyakar da ta raba ƙasar Hausa. A 1890 Ingila da Faransa sun ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, a 1898 suka sake shata shi da zagaye mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, sai Faransawa suka tarar cewa hanyar da aka bar musu daga Yamai zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, inda ayarinsu ke shan wahalar ƙishirwa. Saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu domin su sami hanya mai ruwa ta Dogondutsi da Ƙonni da Maraɗi, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da haka tsakiyar Gulbin Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, kansa da wutsiyarsa suka zauna a hannun Ingila, kuma Argungu ta wayi gari mafi yawan ƙasashen tsofaffin ƙawayenta suna ƙetaren iyaka.

Da aka sami 'yancin kai, ƙasashen kwarin ba su ɓata lokaci ba. A watan Oktoba na 1963 suka sa hannu a Yamai kan dokar da ta maye gurbin ta Berlin, a watan Nuwamba na 1964 kuma suka kafa Kwamitin Kogin Neja, wanda ya tattara ƙasashe 9: Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso da ake kira Upper Volta a lokacin, Nijar, Dahomey wadda ta zama Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi. Kwamitin ya wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da sauran kafin ta fara aikin da zai taɓa ruwan kogin, amma ba shi da kuɗi, ba shi da ma'aikata isassu, ba shi kuma da ikon hana kowa komai. A daidai waɗannan shekaru Nijar da Dahomey suna takun saƙa a kan tsibirin Lete, wanda ke tsakiyar Kwara ba nisa da Gaya, rigimar da ba ta ƙare ba sai da Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin a 2005.

Aikin da ya fara ɗaure Najeriya da Nijar da gaske shi ne madatsar ruwan Kainji, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968. Tafkin da ta haifar ya miƙe har ƙasar Yawuri, ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da garuruwa masu yawa na Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Injinan Kainji sun dogara da cikar ruwa biyu a shekara. Ta farko ita ce wadda masana ke kira farin ruwa, mai zuwa tsakanin Agusta da Oktoba daga ruwan saman da ya sauka a kusa, ciki har da na Rima, mai ɗauke da laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wato ruwan da ya sauka a Gini da damina, ya yi watanni yana ratsa faffaɗar fadamar tsakiyar Mali inda lakarsa ke kwantawa, ya iso Najeriya garau a cikin hunturu. Wannan cika ta biyu ce ke riƙe tafkin har rani ya wuce, kuma duk ɗigonta sai ya bi ta Mali da Nijar. Saboda haka Najeriya, wadda ta fi kowa girma da ƙarfi a kwarin, ta zama mai buƙatar yardar maƙwabtanta.

A 1971, zamanin Yakubu Gowon da Diori Hamani, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai, kuma a 1976 aka fara tura wutar Kainji ta layi mai ƙarfin kilobolt 132 wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso ya kai Yamai. Jami'an Najeriya sun sha bayyana wannan ciniki a fili da cewa ana ba Nijar wuta a farashi mai sauƙi ne domin kada ta datse kogin a sama da Kainji. Ko an rubuta wannan sharaɗi ko fahimtar juna ce kawai, ya yi aiki shekaru da dama, har ya kai ga kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita kafin 2023 daga Najeriya take zuwa. Babu wata yarjejeniyar ruwa a yankin da ta yi tasirin wannan layin wuta, dalili kuwa shi ne kowane ɓangare yana ganin amfaninsa kullum, kuma yana jin zafin rashinsa nan take.

Farin da ya auka wa Sahel daga 1968 zuwa 1974, sannan ya dawo da tsanani a 1983 da 1984, shi ya sauya lissafin kowa. A watan Nuwamba na 1980 shugabannin ƙasashen suka taru a Faranah ta Gini suka mayar da kwamitin ya zama Hukumar Kwarin Kogin Neja, suka ɗora mata burin tsara raya kwarin baki ɗaya, amma ƙasashe suka riƙa jinkirta biyan kuɗin da aka yanka musu, har sai da aka rage mata nauyi a taron Njamena na 1987. A tsakanin haka, a watan Yuni na 1985, kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ya tabbatar wa 'yan Nijar cewa ba za su zauna har abada ba tare da ma'ajiyar ruwa tasu ba.

Ita ma Najeriya darasin da ta ɗauka daga farin shi ne gina madatsu. An kafa Hukumar Raya Kwarin Sakkwato da Rima a 1973, aka kammala madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, sannan ta Gwaranyo a kan Rima a 1984, mai ɗaukar kubik mita miliyan 942. An fi tuna Bakalori da abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, sa'ad da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, amma akwai wata asara da ba ta yi ƙara ba, wadda ta faɗa kan mutanen gangare. Shinkafar gargajiya ta fadama, wadda karanta ke tsawo yana bin ruwa yayin da yake hawa, tana buƙatar ambaliya ta zo a kan kari, ta kai wani zurfi, ta daɗe gwargwado, kifi kuma yana fita fadama ne ya yi ƙwai sa'ad da ruwa ya malala. Binciken da masanin ƙasa William Adams ya yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakalori a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa ambaliyar ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, masunta kuma sun rasa kamu har wasu suka yi ƙaura. Aikin da aka tsara domin amfanin Kabawa, wato shirin Zauro na kewaye fiye da hekta 10,000 na fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da ganuwar ƙasa domin a sarrafa shigar ruwa da fitarsa, bai wuce gonar gwaji ta hekta 100 da aka buɗe a 1982 ba. Dole a faɗi gaskiya a nan: kulawar da Najeriya ke nema daga Mali da Nijar a kan Kwara, ita kanta ba ta yi wa 'ya'yanta na fadamar Rima irinta ba.

A kan iyaka kuwa kowace ƙasa ta taɓa 'yar uwarta. Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango a kwarin Magiya domin noman rani na Ƙonni, sai Tafkin Kalmalo da ke kusa da Illela, inda ruwan Magiya ke ƙarewa, ya riƙa ƙafewa. Najeriya kuma ta gina madatsar Jibiya a kan Gada, manoman Madarumfa da Maraɗi suka fara kukan cewa gulbin da a 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi har aka mayar da shi kan tudu, yanzu ba ya cika fadamarsu kamar da. Wannan ramuwar gayya da ba wanda ya shirya ta ita ce ta haifar da Yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yuli 1990, zamanin Ibrahim Babangida da Ali Saibou, wadda ta shafi kwaruruwa 4 da ƙasashen suka yi tarayya a kansu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai Komadugu Yobe. Ta tanadi cewa kowace ƙasa tana da haƙƙin rabo na adalci, wanda ba ya nufin raba daidai, sai dai a duba yanayin ƙasa da yawan masu dogaro da ruwan da amfanin da ake yi da shi tun da. Ta kuma wajabta musayar bayanai da sanarwa kafin fara sabon aiki, ta kafa kwamitin ƙwararru na dindindin, ta ma shigar da ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin lissafi. A fagen doka takarda ce mai kyau, kuma ta riga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan ƙasa da ƙasa da shekara 7. Rauninta shi ne ba ta yanka adadin ruwan da za a saki daga kowace madatsa a kowane wata ba, ba ta kuma ba manomi ko makiyayi ko masunci kujera ba, alhali su ne ke fara ganin ranar da gulbi ya ja baya.

Hukumar Kwarin Kogin Neja ta farfaɗo daga farkon wannan ƙarni, bayan taron Faris na 2004, kuma a watan Afrilu na 2008 shugabanni suka amince a Yamai da Kundin Ruwa, wanda ya fara aiki a 2010, ya kuma tanadi cewa a bar wani mafi ƙarancin ruwa yana gudu a kogin domin na gangare da halittun cikinsa. A ƙarƙashin wannan tsari ne aka amince da manyan madatsu 3, Fomi a Gini, Tausa a Mali da Kandaji a Nijar. Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin Kandaji, arewa da Tilaberi, a watan Agusta na 2008, da nufin samar da megawat 130 na wuta da shayar da hekta 45,000, amma aikin ya yi ta tsayawa: an soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya karɓa a 2019, sannan rashin tsaro da juyin mulki suka sake kawo cikas. Ga mutanen Kebbi, Kandaji tana da fuska biyu, domin za ta iya ƙara ruwan da ke gudu a tsakiyar rani, za ta kuma iya rage baƙin ruwan da Kainji da fadamun Bagudo da Yawuri suka dogara da shi, kuma wanda zai rinjaya a cikin biyun ya danganta ne da jadawalin buɗe ƙofofinta.

Fannin da haɗin kan ya fi yin amfani ba tare da hayaniya ba shi ne na auna ruwa. Tashoshin da ke Kulikoro da Yamai da Malanbil da Jidere Bode ta Jihar Kebbi suna aika ma'aunin hawan kogi, hukumar kwarin da cibiyar Agrhymet da ke Yamai suna tattarawa, kuma da yake ruwan da ya wuce Yamai yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso Kebbi, gargaɗi yana iya riga shi isowa. A damunar 2020, sa'ad da kogin ya kai matsayin da ba a taɓa auna irinsa ba a Yamai, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, shekara 5 bayan an ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, wanda ya cika fadamar da shinkafa fiye da kowane lokaci. Adadin ya iso ofisoshi a kan lokaci, amma tazarar da ke tsakanin ofis da manomin da ya riga ya zuba taki na bashi ta fi tazarar Yamai da Jidere Bode wuyar ƙetarewa.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya gwada tsohon cinikin wuta da ruwa. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi bisa takunkumin ECOWAS, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024, kuma a cikin waɗannan watanni aka rufe iyakar Kamba da ta Illela, 'yan uwa da abokan ciniki suka rabu. Duk abin da aka nufa da matakin, ya ba masu cewa Nijar ta gaggauta kammala Kandaji hujjar da ba su taɓa samun irinta ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, saboda haka hukumar kwarin da hukumar haɗin gwiwa ta 1971, waɗanda duk a Yamai suke, sun zama cikin 'yan zaurukan da suka rage inda injiniyoyin ƙasashen ke iya zama su yi magana.

Akwai kuma ruwan da ba a gani. Ƙasar Sakkwato da Kebbi ita ce gefen kudu maso gabas na babbar ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da masana ke kira Illumedan, wadda ta shimfiɗu a ƙarƙashin Mali da Nijar da Najeriya, kuma tana da alaƙa da Rima ta fuska biyu, domin ambaliyar damina na shayar da ita, ita kuma tana tsattsafo wa gulbin ruwa da rani. Noman rani na yau, daga Argungu zuwa Suru, daga Gaya zuwa Maraɗi, ya dogara ne da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injinan ban ruwa masu shan fetur ko hasken rana, waɗanda manomi ke haƙawa a yini ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba, kuma yawansu na ƙaruwa kowace shekara a ɓangarorin iyakar biyu. Ƙasashen uku sun amince a Bamako a 2009 su kafa zauren tuntuɓar juna a kan wannan ma'ajiya, amma zauren shawara ne, ba ya yanka wa kowace ƙasa yawan abin da za ta ɗiba.